Tawadar Firinta da Ba a Buɗe Ba: Tsawon Kwananta, Yadda Ake Adana Ta da Hanyoyin Magance Matsalolinta

Gabatarwa

Ofisoshi da dama a ƙananan hukumomi, da fadojin hakimai, da makarantu, da ƙananan asibitocin karkara, sun dogara ga na'urar buga takardu, wato firinta, wajen gudanar da ayyukansu na yau da kullum. Da ita ake buga takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da jerin sunayen manoman da za a raba wa taki, da tambayoyin jarrabawa, da rahoton wata-wata na allurar rigakafi. Saboda nisan da ke tsakanin waɗannan wurare da manyan kasuwannin birni, an saba sayen tawadar firinta da yawa a lokaci guda a ajiye a sito. Sai dai sau da yawa ranar da buƙata ta taso, sai a ɗauko sabon katirij a cikin ledarsa a saka, firinta ta ƙi karɓarsa, ko kuma takarda ta fito fara fat. Mutumin da ya yi sammako daga ƙauye domin karɓar takardarsa sai ya koma hannu rabbana, kuɗin jama'a da aka kashe kuma ya tafi a banza.

An shirya wannan bayani ne domin sakatarori, da masu kula da sito, da shugabannin makarantu, da masu shagunan buga takardu, da duk wanda ya mallaki firinta a gida. Zai fayyace tsawon lokacin da katirij yake ɗauka a rufe kafin ya lalace, da yadda ake karanta kwanan watan da ke jikinsa, da yadda ya kamata a adana shi a yanayi irin namu, da kuma matakan da za a bi idan ya ƙi aiki.

Yadda firinta mai feshin tawada take aiki

Wannan nau'in firinta tana rubutu ne ta hanyar fesa ƙananan ɗigon tawada a kan takarda, ta wasu kafofi masu yawa waɗanda faɗin kowace ɗaya bai kai kaurin gashin kai ba. Sashen da kafofin suke shi ne kan feshi, wanda masu gyara suke kira hed. Hanyoyin feshin guda biyu ne. Ta farko ita ce ta zafi. A bayan kowace kafa akwai ɗan abin dumama da yake kai kimanin digiri 300 a ma'aunin Salshiyas cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sai tawadar ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigo ɗaya waje. Injiniyoyin kamfanin Canon a Japan da na kamfanin HP a Amurka ne suka gano wannan hanya, kowane ɓangare da kansa, a ƙarshen shekarun 1970. HP ya fito da firintar ThinkJet a 1984, sannan DeskJet a 1988. Hanya ta biyu ita ce wadda Epson da Brother suke bi, inda wani ɗan abu mai lanƙwashewa idan lantarki ya ratsa shi yake matso tawadar ba tare da dumama ta ba. Epson ya fito da fasaharsa ta wannan hanya mai suna Micro Piezo a 1993.

Katirij, wato ɗan akwatin robar da tawadar take ciki, shi ma iri biyu ne. Akwai wanda kan feshi yake manne a ƙasansa, kamar na ƙananan firintocin HP DeskJet da na Canon masu lambobin da suka fara da PG da CL. Ana gane shi da ɗige-ɗigen jan ƙarfe a gefensa. Akwai kuma wanda mazubin tawada ne kawai, kan feshin kuwa yana cikin firinta, kamar na Epson da Brother. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai. A nau'in farko, idan kafofi suka toshe, katirij kaɗai aka yi asara. A nau'i na biyu kuwa, gurɓatacciyar tawada tana iya toshe kan feshin firintar kanta, kuma kuɗin sauya shi yakan kusanci kuɗin sabuwar na'ura.

Abin da ya sa tawada take lalacewa alhali tana rufe

Mafi yawan abin da ke cikin tawadar firinta ruwa ne. An haɗa shi da launi, da sinadarai irin su gilisarin masu hana saurin bushewa, da wasu masu daidaita kaurinta, da masu hana ƙwayoyin cuta da fumfuna tsiro a ciki. Launin kansa iri biyu ne: rini, wanda yake narkewa cikin ruwa gaba ɗaya, da kuma garin launi mai laushi ƙwarai, wanda ba ya narkewa, yawo kawai yake yi a cikin ruwan.

Robar katirij da ledar da aka naɗe shi da ita suna rage fitar tururi, amma ba sa hana shi baki ɗaya. A hankali ruwan yana raguwa, tawadar tana yin kauri, har ta kai ba za ta iya wucewa ta kafofin feshi ba. Haka kuma iska tana shiga kaɗan-kaɗan ta zama kumfa, kumfar kuma ta tare hanyar tawada. Idan tawadar ta garin launi ce, garin yana kwantawa a ƙasa kamar yadda gasarar koko take kwantawa a ƙasan roba. Har ila yau, gam ɗin salatif da aka rufe kafofin da shi yana iya narkewa ko ya bushe idan ya daɗe cikin zafi. Duk waɗannan abubuwa zafi ne yake hanzarta su.

A dunƙule, kamfanonin da suke ƙera katirij suna ba shi wa'adin kimanin shekara 2 daga ranar ƙerawa, wasu nau'o'in kuma fiye da haka, bisa sharaɗin an adana shi yadda ya dace. Abin lura shi ne lissafin yana farawa daga masana'anta. Kafin kaya ya ƙetaro teku ya iso tashar jiragen ruwa ta Legas, ya kwana a ɗakin ajiyar dillali, ya hau babbar mota zuwa Arewa, ya kuma zauna a kantar mai shago, wataƙila ya ci watanni da yawa daga wa'adinsa.

Yadda ake karanta kwanan wata

Kowane kamfani da yadda yake rubuta nasa. A kwalayen HP da dama ana ganin ranar da ya kamata a saka katirij kafin ta wuce, a jikin katirij ɗin kuma akwai ranar ƙarewar garanti, wadda ake rubutawa da Turanci "Warranty Ends". Ana fara rubuta shekara, sannan wata, sannan rana. Misali, 2027/03/08 yana nufin 8 ga Maris, 2027. Garantin yana aiki har zuwa wannan rana ko har tawadar ta ƙare, duk wanda ya riga zuwa, kuma ba ya shafar katirij ɗin da aka sake ɗura wa tawada.

Epson yana buga ranar a jikin kwali, yana kuma ba da shawarar a yi amfani da tawadar kafin ranar, a kuma ƙarar da ita cikin wata 6 bayan buɗe leda. Brother ma haka ya tsara: wanda ba a buɗe ba a yi amfani da shi kafin ranar da ke jikin kwali, wanda aka saka kuma a ƙarar da shi cikin wata 6. Akwai kwalayen da ba sa ɗauke da kowace rana a fili. Irin waɗannan, wajibi ne mai kula da sito ya rubuta ranar da aka saye su a jikinsu da alƙalami.

Ranar da ke jikin kwali iyaka ce ta alkawarin kamfani. Katirij ɗin da aka adana a wuri mai sanyi yana iya yin aiki watanni bayanta, wanda kuwa ya sha rana yana iya lalacewa tun kafin ta zo. Sai dai akwai wasu tsofaffin firintocin ofis da aka ƙera su suna karanta ranar daga jikin katirij, idan ta wuce su yi gargaɗi, wasu ma su daina bugawa.

Adanawa a yanayi irin namu

Littattafan jagora na HP sun nuna a ajiye katirij a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 15 da 35. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri, Nguru da Kano, zafin rana a watannin Maris, Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, kuma sito mai rufin kwano marar silin ya fi waje zafi. Cikin motar da aka rufe aka bari a rana yana iya wuce digiri 60. Da hunturu kuma iska tana bushewa ƙwarai, abin da yake ƙara saurin fitar ruwa daga duk katirij ɗin da ledarsa ta huje. Saboda haka ana jan hankalin masu kula da kaya ga waɗannan ƙa'idoji:

1. Kada a buɗe kwali ko leda sai ranar da za a saka katirij. Na Epson an zuƙe iskar cikin ledarsu kafin a rufe, buɗewa domin a duba kawai ya isa ya fara rage musu kwana.

2. A ajiye su a ɗakin da ya fi kowane sanyi a ginin, a cikin dirowa ko kabad na ƙasa-ƙasa, domin zafi sama yake taruwa. Ɗakin ciki mai kaurin bango, har da na ginin ƙasa, ya fi sito mai kwano.

3. A nisanta su daga taga, da bangon da rana take duka da yamma, da ɗakin janareta, da wurin batiran sola.

4. A tsayar da kwalin kamar yadda yake a rataye a shago. Kwantar da shi ko kifa shi yana sa tawada ta gudu daga bakin fita, ko kuma launuka su haɗu a ƙarƙashin salatif.

5. Wanda aka aika sayayya birni kada ya bar su a but ɗin mota ko a ƙarƙashin kujerar babur ya shiga wata hidima. Ya riƙe su a jakarsa a inuwa.

6. Kada a sa su a firiza, domin tawada ruwa ce, tana daskarewa. Firji ma ba dole ba ne, kuma raɓar da take sauka bayan an fitar da kaya tana iya taɓa sassan lantarki. Idan an ɗauko katirij daga wuri mai sanyi sosai, Epson ya ba da shawarar a bar shi aƙalla awa 3 a ɗaki kafin a yi amfani da shi.

Sayayya da kula da sito

Yawancin asarar da ake yi daga sayayya take farawa. Kafin a rubuta buƙata, ya kamata a san yawan shafukan da ofis yake bugawa a wata. Kamfanoni suna ƙiyasta yawan shafukan da katirij zai buga bisa wani ma'auni na duniya mai lamba ISO/IEC 24711. Alal misali, ƙaramin baƙin katirij na HP 123 an ƙiyasta masa kimanin shafi 120, babbansa mai alamar XL kuma kimanin shafi 480. A aikace yakan gaza haka idan ana bugawa jefi-jefi, domin firinta tana cin tawada wajen wanke kanta.

A ce ofis yana buga shafi 60 a wata da ƙaramin katirij. Ke nan guda 6 zai buƙata a shekara. Idan aka sayo 24 a lokaci guda domin neman rangwame, kayan shekara 4 aka tara, kuma rabinsu ko fiye za su wuce wa'adi kafin a kai gare su. Abin da ya fi dacewa shi ne a sayi na wata 6, a bar guda ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana.

Haka kuma yana da kyau takardar kwangilar kawo kaya ta ƙunshi cikakkiyar lambar katirij da sunan firintar da za a saka wa, tare da sharaɗin cewa ba za a karɓi wanda saura masa ƙasa da shekara 1 ba. Mai kula da sito ya duba ranar kowane kwali a gaban ɗan kwangila kafin ya sa hannu, ya shigar da ita a littafin sito, ya kuma adana rasit. Wajen fitarwa, wanda ranarsa ta fi kusa shi za a fara bayarwa, ko da shi ne ya zo daga baya.

Kafin a saka sabon katirij

A fara duba ledar. Idan an ga tawada a cikinta, ko kwalin ya jiƙe, ko robar ta tsage, kada a saka shi, a mayar wa mai sayarwa. A karanta umarnin da ke jikin kwali game da girgizawa. Wasu katirij na Epson masu garin launi ana girgiza su sau huɗu ko biyar kafin a buɗe leda, wasu nau'o'in kuwa an hana girgiza su. Bayan an buɗe kada a girgiza, domin zai yi yoyo.

Sannan a cire abin da aka ce a cire kawai. A ƙananan katirij na HP salatif ne mai ɗan kunne ruwan hoda. A na Epson salatif rawaya ne da yake rufe kafar iska. A na Canon salatif ne ko murfi ruwan lemo. A wasu na Brother akwai wani koren abin murɗawa da ake juyawa har ya yi ƙara. Kada a ɓare faifan jan ƙarfe, kada a taɓa shi da yatsa, haka ma kafofin feshi da ɗan guntun lantarkin da firinta take gane katirij da shi, wanda ake kira cip. Da zarar an cire salatif, a saka nan take, kada a sake mayar da salatif ɗin.

Idan firinta ta ƙi karɓar katirij

Mataki na farko shi ne a fitar da shi a tabbatar babu sauran salatif, a mayar da shi ramin da ya dace, a danna har a ji ya kama. Sa baƙi a ramin mai launi kuskure ne da ake yawan yi.

Idan saƙon bai gushe ba, a goge ɗige-ɗigen jan ƙarfe ko cip da ƙyalle mai tsabta marar zare, wanda aka ɗan jiƙa da tataccen ruwa ko ruwan gora. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri da laka da za su bar saura. Wanda zai nemi tataccen ruwa wurin masu batir ya yi hattara kada a ba shi mai asid. A goge takwarorinsu na cikin firinta su ma, a bari su bushe kamar minti 10. Kada katirij ya wuce rabin awa a waje. Daga nan a kashe firinta, a zare wayarta na minti ɗaya, a sake kunnawa.

Idan duk da haka ta ƙi, sai a duba lamba. Kamfanoni sun rarraba duniya shiyya-shiyya, kuma firintar wata shiyya ba ta karɓar katirij na wata, ko da kamanninsu ɗaya ne. Abin da ake kira HP 61 a Amurka shi ne 301 a Turai, kuma 122 a Afirka da Gabas ta Tsakiya. HP 63 na Amurka shi ne 302 a Turai, 123 a Afirka. A wajen Canon, PG-245 na Amurka ne, PG-545 na Turai, PG-445 na Afirka da Gabas ta Tsakiya. Wannan matsala ta fi shafar firintocin gwanjo da waɗanda aka kawo tsaraba ko gudummawa daga waje. Lambar da firinta take buƙata tana rubuce a jikin tsohon katirij ko a cikin murfinta.

Akwai wasu dalilan kuma. Wasu sababbin firintoci ba sa fara aiki sai da katirij na farko da ya zo a kwalinsu, mai ɗauke da rubutun "SETUP". Katirij na tsarin biyan kuɗin wata-wata na HP mai suna Instant Ink ba ya aiki sai a firintar da aka yi wa rajista, kuma yana daina aiki idan an fita daga tsarin, don haka sayen irinsa a kasuwa asara ce. Bugu da ƙari, sabunta manhajar firinta ta intanet yana iya sa ta daina karɓar katirij ɗin da wani kamfani dabam ya ƙera. Hakan ya faru ga masu wasu firintocin HP a watan Satumba na 2016, kuma kamfanin ya ci gaba da amfani da wannan tsari a nau'o'i da dama. Ofishin da yake amfani da irin waɗannan katirij kada ya tara su da yawa.

Idan ta karɓa amma rubutu bai fito daidai ba

Farar takarda ko rubutu mai layi-layi alama ce tawada ba ta isa kafofi. A katirij mai mazubi kawai, a fara duba kafar iska, domin idan salatif bai fita gaba ɗaya ba, tawada ba za ta sauko ba, kamar yadda mai ba ya zuba sosai daga gwangwanin da aka huda wuri ɗaya. Idan ragowar gam ne ya toshe ta, a cire shi a hankali da bakin allura.

Bayan haka a buga shafin gwajin kafofi daga maɓallan firinta ko daga kwamfuta. Shafin zai nuna launin da ya yanke. Sai a ba firinta umarnin wanke kan feshi, a sake buga gwaji. Idan an yi sau uku babu sauyi, a dakata, a kashe na'urar a bar ta awa 6 zuwa 12 domin kumfar iska ta kwanta, busasshiyar tawada ta jiƙa. Yawan wankewa a jere yana cinye tawada, yana kuma cika soson da yake tsotse ragowarta a cikin firinta.

Idan katirij mai kan feshi ne, a jiƙa tishu mai kauri da ruwa mai ɗumi, a dafa kafofin a kansa na ɗan lokaci, sannan a dafa a busasshe. Lafiyayyen baƙi zai bar tabo ɗaya mai duhu, mai launi kuma zai bar layi uku: shuɗi, ja da rawaya. Kada a goga da ƙarfi, kada a tsokani kafofi da allura, kada a yi amfani da fetur ko kananzir. Kada kuma a ci gaba da bugawa alhali takarda tana fitowa fara, domin a firintar da take aiki da zafi tawada ce take sanyaya abubuwan dumama, idan babu ita sai su ƙone.

Idan rawaya ta fito kore-kore ko launuka suka yi dauɗa, alama ce sun gauraya a lokacin ajiya. Wankewa sau ɗaya ko biyu tare da buga 'yan shafuka yakan gyara ƙaramar gauraya. Idan ta shiga cikin soson katirij, babu gyara.

Katirij ɗin da wa'adinsa ya wuce

Idan mai kan feshi ne, ledarsa lafiya lau, babu laifi a gwada shi, tunda ko ya ƙi, firinta ba za ta cutu sosai ba. Idan mazubi ne kawai, musamman mai garin launi, kuma ya daɗe da wuce rana ko an san ya sha zafi, hatsarin toshe kan feshi ya fi kuɗin katirij ɗin, gara a haƙura da shi. A kowane hali, tsohuwar tawada ta fi dacewa da takardun wucin gadi. Takardun da za a adana shekaru, irin su shaidar mallakar fili da takardun kammala makaranta, a buga su da sabuwar tawada. Ya kamata kuma a sani tawadar rini tana zuba idan ruwa ya taɓa ta, tana kuma koɗewa a rana, ta garin launi kuwa ta fi jure duka biyun.

Jabun kaya

Ya kamata a bambanta abubuwa uku: katirij na asali, da wanda wani kamfani ya ƙera ya sa sunansa a fili, da kuma jabu, wato tsohon katirij da aka ɗura wa tawada aka sa a kwali mai kama da na asali aka sayar a matsayin sabo. Na ukun zamba ce, kuma ranar da ke jikin kwalinsa ba abin dogaro ba ce. Alamominsa sun haɗa da kwalin da aka sake liƙewa da gam, da rubutu mai dishi-dishi, da ƙarzuwa a jikin jan ƙarfe, da tabon tawada a baki, da rashin nauyi idan aka gwada shi da na asali, da firinta ta nuna an taɓa amfani da shi. Kwalayen HP da yawa suna da tambarin tsaro mai sauya kama idan an karkata shi, tare da lambar da ake ɗauka da kyamarar waya domin tantancewa. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa ma abin tuhuma ne, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wanda aka sayar wa jabu ya adana kwali da rasit, ya fara komawa wurin mai sayarwa. Idan ba a daidaita ba, yana iya kai ƙara ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya, FCCPC, wadda aka kafa bisa dokar 2018, ko ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON.

Kula da katirij bayan an saka shi

Daga ranar da aka buɗe shi, bushewa tana ƙara sauri. A riƙa buga aƙalla shafi ɗaya mai dukkan launuka sau ɗaya a mako, har a lokacin hutun makaranta. A kashe firinta da maɓallinta, a jira ta yi shiru kafin a kashe soket ko janareta, domin a wannan ɗan lokaci ne take mayar da kan feshi mazauninsa ta rufe shi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, da zarar ta dawo a kunna na'urar domin ta rufe kafofinta. A lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu.

Ofishin da ya ga tawada tana yawan bushe masa saboda ƙarancin aiki yana iya duba firintar leza, wadda take amfani da busasshen gari da ake kira tona. Tona ba ya bushewa, ko da yake zafi da laima suna sa shi dunƙulewa, kuma firintar leza tana jan wuta fiye da mai feshi nesa ba kusa ba, abin da ya kamata mai ƙaramar sola ya lura da shi. Ofishin da yake da yawan aiki kuwa, firinta mai tanki da ake ɗura wa tawada daga kwalba ta fi sauƙin kuɗi a kan kowane shafi. Epson ya fara sayar da irinta a Indonesiya a 2010, daga baya Canon, HP da Brother suka fito da nasu. Kwalaben su ma suna da ranar ƙarewa, kuma ƙa'idojin ajiyarsu ɗaya ne da na katirij.

Lafiya da tsabtar muhalli

A nisanta tawada daga yara. Idan ta taɓa fata a wanke da ruwa da sabulu, idan ta shiga ido a wanke da ruwa mai yawa nan take, idan ciwo bai daina ba ko kuma yaro ya sha, a je asibiti da kwalin a hannu. Katirij ɗin da ya ƙare ko ya lalace kada a ƙona shi, domin hayaƙin roba yana cutarwa, kada kuma a jefa shi a kududdufi ko kusa da rijiya. A tara su a kwali guda a miƙa wa masu karɓar tsofaffin kayan lantarki. Hukumar NESREA ce take sa ido a kan irin wannan shara a Najeriya, bisa ƙa'idojin da aka fara fitarwa a 2011.

Kammalawa

Ana kira ga shugabannin sassa da su umarci masu kula da sito su fito da dukkan katirij ɗin da ke ajiye, su duba ranakunsu, su jera su bisa kusancin wa'adi, su kuma mayar da su ɗaki mai sanyi kafin shigowar bazara. Waɗanda suka kusa ƙarewa kuma ofis ba zai iya cinye su ba, a miƙa su ga wani sashe mai irin wannan firinta ta hanyar da dokokin sito suka tanada. Haka nan duk buƙatar sayen tawada da za a gabatar nan gaba ta zo tare da lissafin shafukan da ofis yake bugawa a wata, domin a sayi abin da za a iya amfani da shi cikin lokacinsa.